Namu Ne Mu Kaɗai: Abubuwan Mamaki a Kan Wasannin Gem da Ake Keɓe wa Na'ura Ɗaya

Duk kamfanin da ke ƙera na'urar gem yana da kirarin da yake yi wa kansa: wasa kaza, a wurinmu kaɗai za ka same shi. Da wannan kirari ake sayar da PlayStation da Xbox da Switch, a kansa kuma magoya baya ke kwana musu. Amma in aka leƙa takardun yarjejeniya, sai a tarar keɓewar nan iri-iri ce. Wata ta shekara guda ce, wata ba ta shafi kwamfuta ba, wata ta jarumi ɗaya ce a cikin wasan, wata ta ƙasa ɗaya, wata ma ta awa ɗaya ce a mako. Ga kaɗan daga abin da aka gani.

Layi ɗaya ya raba gardamar Tetris

Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro Tetris a Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Da yake ma'aikacin cibiyar kimiyya ta Tarayyar Sobiyet ne, sai haƙƙin sayarwa ya koma hannun hukumar gwamnati mai suna ELORG. Wani ɗan kasuwa mazaunin Ingila, Robert Stein, ya samu izinin sayar da wasan a kan kwamfuta, daga nan izini ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin masu na'urorin gem. A Fabrairun 1989 jami'in ELORG, Nikolai Belikov, ya miƙa wa Stein takardar gyaran yarjejeniya. Hankalin Stein ya tafi kan tarar jinkirin biya da aka ɗora masa, ya sa hannu bai kula da wani layi ba. Layin ya ce kwamfuta ita ce na'ura mai allon kallo, da madannan rubutu, da wurin sa faifai, da babbar manhaja. Na'urar da ake jona wa talabijin ta fita daga rabonsa ke nan. A watan Maris Nintendo ya saye wannan ɓangare. Tengen, reshen Atari Games, ya fitar da nasa Tetris ɗin a watan Mayu, ya kafe a kotu cewa ai na'urar Nintendo kwamfuta ce, tunda a Japan ma Famicom ake ce mata, wato kwamfutar iyali. Hujjar ba ta yi aiki ba. A watan Yuni kotu ta sa aka kwashe kaset ɗinsa daga kantuna.

Biri ya wargaza ciniki

Shekara shida kafin wannan, iyakar nan ta tsakanin kwamfuta da na'urar gem ta riga ta ɓata wani babban ciniki. Nintendo ya raba haƙƙin Donkey Kong gida biyu: Coleco ya ɗauki na'urorin gem, Atari ya ɗauki kwamfutocin gida. A 1983 ana dab da sa hannu kan yarjejeniyar da za ta ba Atari damar sayar da Famicom a wajen Japan, sai ga Coleco a baje kolin kayan lantarki na Chicago ya kunna Donkey Kong a sabuwar kwamfutarsa mai suna Adam. Shugaban Atari, Ray Kassar, ya harzuƙa, ya ce an ci amanarsu. Kafin a sasanta shi kansa ya rasa kujerarsa a watan Yuli, magana ta bi ruwa. Nintendo ya shiga kasuwar Amurka da ƙafarsa a 1985.

Biyar a shekara

Da Nintendo ya kama kasuwar, sai ya gindaya wa masu ƙera wasanni sharuɗɗa: kada kowa ya wuce wasa biyar a shekara, shi ne zai buga kaset ɗin, kuma wasan da ya fito a na'urarsa ba zai leƙa ta wani ba sai bayan shekara biyu. A cikin na'urar akwai ɗan makullin lantarki, 10NES, mai ƙin karɓar kaset marar izini. Konami ya ga biyar ba za su ishe shi ba, sai ya buɗe wani kamfani a 1988, ya raɗa masa suna Ultra Games, ya ƙara samun biyar. Da wannan suna Metal Gear ya isa gidajen Amurkawa.

Saura ƙiris PlayStation ta zama ta Nintendo

Sony da Nintendo sun shirya ƙera na'urar da za ta ci kaset ɗin Super Nintendo, ta kuma ci faifan CD. A Yunin 1991 Sony ya sanar da ita a bainar jama'a. Washegari Nintendo ya fito ya ce shi da Philips zai yi aiki. Sony ya haɗiye takaici, ya koma ya ƙera tasa, ta fito a Japan ranar 3 ga Disamba, 1994. Haɗin gwiwa da Philips ma bai haifar da na'urar ba, amma Philips ya tsira da izinin amfani da taurarin Nintendo. Da haka aka samu wasannin Zelda uku da Hotel Mario na 1994 a na'urar CD-i, waɗanda har yau ba su taɓa fitowa a na'urar Nintendo ba. A Hotel Mario, babban aikin jarumin shi ne rufe ƙofofin otal. Samfurin waccan na'ura ta Sony da Nintendo kuwa, wani ya saye shi dala 75 cikin tarkacen kamfanin da ya karye. A Maris 2020 aka yi gwanjonsa dala 360,000.

Mario ma ya taɓa yawo

A 1992 Mario malamin koyar da buga rubutu ne a kwamfuta, cikin Mario Teaches Typing. A Disambar 2016 Super Mario Run ya fito a iPhone, masu Android suka jira wata uku. Daga ƙarshen 2017 kuma aka sayar da tsofaffin wasannin Wii a na'urar Shield ta kamfanin Nvidia, amma a ƙasar Sin kawai.

Mutumin da ya sa kansa jingina

Shinji Mikami, jagoran Resident Evil 4, ya ce zai fille kansa in wasan ya fita daga GameCube ta Nintendo. Tun kafin wasan ya iso kanti a Janairun 2005, Capcom ya riga ya sanar zai kai shi PlayStation 2, ya kuwa kai shi a watan Oktoba. Daga nan sai kwamfuta, sai Wii, sai iPhone, sai Xbox, har ya zama ɗaya daga wasannin da suka fi kowanne yawo. Cikin wasanni biyar da Capcom ya yi wa GameCube alkawari, ɗaya aka soke, uku suka ƙetare, P.N.03 kaɗai ya zauna. Mikami bai fille komai ba. A wasansa na gaba, God Hand na 2006, akwai tseren karnuka, kuma ɗaya daga karnukan sunansa Kan Mikami.

Na ɗan lokaci ne, amma ba a faɗa ba

A Agustan 2014, a baje kolin Gamescom na Jamus, Microsoft ya ce Rise of the Tomb Raider zai fito a ƙarshen 2015 a Xbox kaɗai. Masu PlayStation, waɗanda suka tashi da jarumar wasan, Lara Croft, tun 1996, suka yi caa. Da 'yan jarida suka matsa, sai shugaban Xbox, Phil Spencer, ya amsa cewa yarjejeniyar tana da wa'adi. Wasan ya fito a Xbox a Nuwamban 2015, a kwamfuta a Janairun 2016, a PlayStation 4 a Oktoban 2016. A taron E3 na 2017 Microsoft ya nuna wasanni 42, ya ce 22 keɓaɓɓu ne. Ma'anar da yawa daga cikinsu ita ce: a tsakanin na'urori Xbox za ta fara samu, kwamfuta kuma ba a sa ta a lissafi ba.

Halo, ɗan gidan Apple

Wasan da ya ɗora Xbox a kan ƙafafunta, a taron Apple aka fara nuna wa duniya shi. Steve Jobs ne ya gabatar da Halo a New York a Yulin 1999, a matsayin wasan Mac da kwamfuta. A Yunin 2000 Microsoft ya saye Bungie, kamfanin da ke ƙera shi, ya mayar da shi abin jan hankalin Xbox ta farko a Nuwamban 2001. Masu Mac sai ƙarshen 2003 suka gan shi. Bungie ya ɓalle a 2007, ya bar Halo a hannun Microsoft. A 2022 Sony ya saye Bungie dala biliyan 3.6. A Oktoban 2025 kuma Microsoft ya sanar da sabunta Halo na farko, ya ce har PlayStation 5 za ta samu.

Mai tsokanar Mario ya sauya ubangida

A tallan 1996 an nuna wani sanye da kayan Crash Bandicoot, tsaye a gaban ginin Nintendo da lasifika a hannu yana tsokanar Mario. Kowa ya ɗauka Crash ne tambarin PlayStation, alhali ba mallakin Sony ba ne, na Universal ne. Haƙƙin ya bi hannuwa har ya isa Activision. Da Microsoft ya kammala sayen Activision Blizzard a Oktoban 2023, Crash da Spyro suka zama 'yan gidan Xbox. A ɗaya gefen, Sony ya saye Insomniac a 2019, kamfanin da ya yi Sunset Overdrive na 2014, wasan da ke Xbox da kwamfuta amma babu shi a PlayStation.

Microsoft ya hana kansa

Kamfanin Bethesda ya sa hannu da Sony cewa Deathloop da Ghostwire: Tokyo za su shekara a PlayStation 5 kafin su je wata na'ura. Ana cikin haka Microsoft ya saye uwar kamfanin dala biliyan 7.5, cinikin ya kammala a Maris 2021. Yarjejeniya dai ta riga ta ɗauru. Deathloop ya fito a Satumban 2021, mallakin masu Xbox, amma mai Xbox bai taɓa shi ba sai Satumban 2022.

Sony ya yi wa abokin hamayya aiki

MLB The Show wasan besbol ne da reshen Sony na San Diego ke yi, shekara da shekaru kuma a PlayStation kawai yake. Sai hukumar gasar, mai riƙe da lasisi, ta ce tana son a faɗaɗa. A Afrilun 2021 wasan ya fito a Xbox, ya kuma shiga Game Pass tun ranar farko. Masu biyan kuɗin wata a Xbox suka buga ba tare da ƙara ko sisi ba, mai PlayStation 5 kuwa ya biya dala 70 kan wasan da kamfanin na'urarsa ya ƙera.

Suna ɗaya, wasa biyu

A 1993 an fitar da Aladdin a na'urar Sega da ta Nintendo, kwalaye kusan iri ɗaya, amma wasannin ba su haɗa komai ba sai suna. Na Sega, Virgin ne ya yi shi da taimakon masu zanen Disney, jarumin na riƙe da takobi. Na Nintendo, Capcom ne ya yi, babu takobi, sai tsalle da jifa da tuffa. A shekarar ne Mortal Kombat ya iso gidaje. Nintendo ya sa aka mayar da jini ya zama gumi mai launin toka. A Sega kuwa, in ka danna A, B, A, C, A, B, B, jini ya dawo. Na Sega ya fi ciniki nesa ba kusa ba. Majalisar dattawan Amurka ta zauna a kan lamarin a Disamba, aka kafa hukumar tantance wasanni a 1994, Nintendo kuma ya lashe amansa, ya bar jini a kashi na biyu.

A keɓe jarumi, a bar wasa

Soulcalibur II ya fito a na'urori uku a 2003, kowace da baƙonta: Link a GameCube, Heihachi a PlayStation 2, Spawn a Xbox. Mai son ukun sai ya sayi na'ura uku. A Marvel's Avengers na 2020 kowa ya biya kuɗi ɗaya, amma Spider-Man masu PlayStation kaɗai aka ba. Microsoft kuwa ya zuba dala miliyan 50 don ƙarin labarai biyu na Grand Theft Auto IV su fara zuwa Xbox 360 a 2009. A Afrilun 2010 sauran suka samu.

Man Red da Piemonte Calcio

Wannan nau'in na keɓe ɓangaren wasa shi ne wanda ya fi shigowa har cikin unguwanninmu. Duk wanda ya taɓa zama a bencin shagon gem, janareta na ruri a waje, yana jiran a ci wani ya tashi, ya san Man Red da Man Blue da London FC da North London. A wancan lokaci lasisin gasar Firimiya ta Ingila yana hannun EA, mai wasan FIFA, don haka Konami, mai wasan PES, ba shi da ikon rubuta Manchester United ko Chelsea ko Arsenal sai wadda ya yi yarjejeniya da ita ita kaɗai. A tsofaffin fitowa har Roberto Carlos sai da ya koma Roberto Larcos. Mai shago ne ke zama da safe kafin yara su taru, ya shiga wurin gyara, yana tura kibiya harafi bayan harafi har sunan kulob ya koma daidai, ya sauya launin riga, ya adana a memori kad. Ranar da katin ya lalace, an koma Man Red.

Konami ma ya rama. Shi ya riƙe lasisin Gasar Zakarun Turai shekara goma, daga 2008 zuwa 2018. A 2019 kuma ya keɓe Juventus, sai ga Cristiano Ronaldo a FIFA 20 da sunansa da fuskarsa, amma yana buga wa wani kulob wai shi Piemonte Calcio, cikin rigar da babu ita a duniya. Haka aka yi kaka uku.

Porsche da ba Porsche ba

EA ya riƙe lasisin motocin Porsche har ƙarshen 2016. Masu Gran Turismo suka zagaya ta baya, suka sa motocin RUF, wani ƙaramin kamfanin Jamus da ke gina nasa a kan gangar jikin Porsche amma hukuma ta san shi da sunansa. Sai a 2017 Porsche ta gaskiya ta shiga Gran Turismo.

Kwamfuta ɗaya, kanti biyu

A da, in an ce wasa yana kwamfuta, magana ta ƙare. A Disambar 2018 Epic Games ya buɗe kantinsa na intanet, yana karɓar kashi 12 cikin 100 na ciniki, alhali kantin Steam na karɓar 30. Don ya jawo jama'a sai ya shiga biyan kamfanoni su kawo wasanninsu wurinsa kawai. Kamar a ce kasuwa ɗaya ce, ƙofa a buɗe, amma shinkafar da kake so sai a rumfa guda. Metro Exodus ya daɗe a Steam ana karɓar kuɗin masu saye tun kafin fitowa. A ƙarshen Janairun 2019, saura ƙasa da mako uku ya fito, aka ce ya koma Epic na shekara guda. An riga an buga kwalaye, don haka aka bi su da sitika. Mai saye ya sa farce ya ɗaga gefen tambarin Epic, ya ga na Steam kwance a ƙarƙashi. Rahoton kuɗi na kamfanin da ya fitar da wasan Control ya nuna Epic ya biya yuro miliyan 9.49 a kansa. Alan Wake 2 na 2023 kuma yana PlayStation, yana Xbox, amma a kwamfuta sai a kantin Epic, domin shi ya ɗauki nauyin yin sa.

Wasan da ya ga taswira

Helldivers 2 ya fito a PlayStation 5 da kwamfuta rana ɗaya a Fabrairun 2024, ya yi kasuwa sosai. A watan Mayu Sony ya ce dole masu kwamfuta su haɗa wasan da asusun PlayStation Network. Matsalar ita ce wannan asusu ba a buɗe shi a hukumance a yawancin ƙasashen duniya. A duk Afirka, Afirka ta Kudu ce kawai a jerin. Babu Najeriya, babu Nijar, babu Gana, babu Kamaru, shi ya sa masu PlayStation a nan ke buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila, su sayi katin kuɗi na can. Nan take aka daina sayar da wasan a Steam a ƙasashe da yankuna 177. Masu wasa suka yi ruwan ƙorafi, kafin mako ya zagayo Sony ya janye sharaɗin, amma takunkumin sayarwa bai ɗaga ba sai a 2025. A Agustan shekarar, wasan nan na Sony ya isa Xbox.

Rabon Koriya, rabon Birazil

Koriya ta Kudu ta daɗe tana taƙaita shigowar kayan al'adun Japan, sai daga 1998 ta fara sassautawa. Saboda haka na'urar Nintendo ta shiga ƙasar da sunan Comboy a hannun Hyundai, ta Sega kuma da sunan Gam*Boy a hannun Samsung. A Birazil, inda haraji ya sa kayan waje tsada, kamfanin Tectoy ya ci gaba da ƙera Master System ta Sega bayan duniya ta manta da ita. A 1997 ya fitar mata da Street Fighter II, wanda babu wata ƙasa da ta samu. Mother 3 na 2006 kuwa bai taɓa fita daga Japan a hukumance ba. Masoya ne suka fassara shi da kansu a 2008.

Sai ƙarfe kaza

A 1995 Nintendo ya fitar da Satellaview a Japan, wani akwati da ake ɗaura wa Super Famicom a ƙasa, yana karɓar wasanni ta tauraron ɗan'adam. An yi masa Zelda na musamman, kashi huɗu, kowane mako kashi ɗaya, kuma sai a lokacin da tashar St.GIGA ke watsa shi ake iya bugawa. Yaro ya zauna gaban talabijin, agogo na tafiya a allo, muryoyin 'yan wasan kwaikwayo na fitowa ta tashar suna ba shi labari, suna gaya masa abin da ke shirin faruwa. Awa na cika, wasa ya rufe, ko an gama ko ba a gama ba. Wanda aka aika kanti a wannan awa ya yi asarar kashin. An rufe tsarin a Yunin 2000.

In gida ya rushe

Google ya buɗe Stadia a Nuwamban 2019, tsarin da wasa ke gudana a kwamfutocin kamfani, hoto kawai ke zuwa wa mai bugawa ta intanet. Ya rufe shi ranar 18 ga Janairu, 2023, ya mayar wa mutane kuɗinsu. Cikin wasannin da aka keɓe masa, Gylt ya tsira, ya koma wasu na'urori. Outcasters ya tafi tare da gidan, domin babu faifai, babu kaset, babu kwafi a hannun kowa. Saura kwana biyar a rufe, Google ya saki wasa na ƙarshe, na tsutsa mai cin 'ya'yan itace, wanda ma'aikata ke gwaji da shi. Haka P.T., ɗan gajeren wasan tsoro na Hideo Kojima, kyauta ne a PlayStation 4 a 2014. Da Konami ya cire shi a Afrilun 2015, sai aka ga tsofaffin na'urori masu ɗauke da shi a kasuwar eBay ana neman sama da dala 1,000.

Mota ta riga PlayStation

Cuphead ya fito a Xbox da kwamfuta a 2017. A 2019 ya shiga Switch, ya kuma shiga allon motocin Tesla, inda ake buga sashensa na farko in mota na tsaye. PlayStation 4 sai Yulin 2020.

Masu kwaikwayon na'ura

Akwai manhajar da ke sa kwamfuta ta yi kamar ita ce na'urar gem. A Janairun 1999 Steve Jobs ya nuna irinta a dandamali, Virtual Game Station ta kamfanin Connectix, tana buga faifan PlayStation a Mac. Sony ya kai ƙara, ya sha kaye a kotun ɗaukaka ƙara a 2000, sai ya saye manhajar a 2001 ya binne ta. Wani ƙaramin kamfani, Bleem, ya sa Gran Turismo 2 da Tekken 3 da Metal Gear Solid suka yi aiki a Dreamcast ta Sega. Bai faɗi a kotu ba, kuɗin lauyoyi ne suka kashe shi. A Maris 2024 kuwa masu Yuzu, mai kwaikwayon Switch, suka amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 su rufe, bayan Nintendo ya ce an sauke sabon Zelda fiye da sau miliyan ɗaya tun kafin ranar fitowarsa.

Abin da baƙar maka ta kasa ɓoyewa

Dalilin duk wannan ya fito fili a kotu. A shari'ar Epic da Apple a Mayun 2021, aka tambayi wata mataimakiyar shugaba a Xbox, Lori Wright, ko Microsoft ya taɓa cin riba a sayar da na'urar kanta. Ta ce a'a. Riba tana cikin kashi 30 da ake cira daga kowane wasa, da kuɗin wata-wata. Keɓaɓɓen wasa shi ne ke shigo da mutum gida. Sai dai yin sa ya yi tsada. A shari'ar da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta shigar a 2023 don hana cinikin Activision na dala biliyan 68.7, Sony ya miƙa takardar da aka shafe lambobinta da baƙar maka. Da aka ɗauki hotonta a na'ura, lambobin suka bayyana: The Last of Us Part II ya ci dala miliyan 220, Horizon Forbidden West miliyan 212. Masu na'ura ɗaya ba sa isa su mayar da irin wannan kuɗi cikin sauƙi. Shi ya sa Sony ya fara kai manyan wasanninsa kwamfuta tun 2020, Microsoft ya sa hannu kan barin Call of Duty a PlayStation shekara goma, ya kuma kai mata Sea of Thieves a 2024, da Forza Horizon 5 da Gears of War a 2025.

Ga mai tara kuɗin na'ura saboda wasa guda, tambaya uku ta ishe shi kafin ya biya: wa aka hana, wane ɓangare aka hana shi, kuma zuwa yaushe? In ta ƙarshen tana da kwanan wata, jira ya fi arha. In kuwa sabon Mario ne ko Zelda, to a ci gaba da tari.